Kwandon Neman Aurena

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Na buɗe wayar na rufe, na sake buɗewa, na rubuta layi ɗaya na goge. Ni ba mai magana ba ce, kuma a aji uku na bar makaranta, saboda haka in kun ga inda na karkace ku yi min afuwa. Amma abin ya ƙi barina in huta, a gidan nan kuwa babu wanda zan faɗa wa sai aladu.

Sunana Brigida, shekarata ashirin da huɗu. Ina zaune a ƙauyenmu da ke can saman tsaunukan garin Momostenango, a gidan ƙanen mahaifina Tat Anselmo da matarsa Tiya Fermina. Ni ce mai niƙa, ni ce mai wanki, ni ce mai faskare. Kuma ni ke kula da kakata Nan Sebastiana, wadda idonta ya tafi, ɓarin jikinta ya shanye. Ni ke juya ta, in wanke ta, in ba ta abinci a baki. 'Ya'yan Tiya Fermina duk suna birni suna karatu. In sun zo hutu, daga bakin ƙofa suke gaishe da Nan, hannu a kan hanci.

In na tsaya a bakin murhu ina hango gidanmu na da, a ƙetaren gonar masara. Ɗaki biyu ne na bulon laka, da bishiyar tuffa a tsakar gida. A nan aka haife ni. Ƙarar masaƙar babana ce ke tashina da safe, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, tun zakara bai gama miƙa ba. Bargunan ulu yake saƙawa. In sun taru sai mu ɗora su a ka mu gangara wurin ruwan zafin nan da ke ɓulɓulowa daga dutse, ya naɗe wando ya yi ta tattaka su a ruwa har su yi kauri, ni da Mama muna gefe muna cin tortiya, wato wainar masararmu, da gishiri da barkono. In ya gaji sai ya ce wa Mama, "Candelaria, zo ki karɓe ni mana, ke Allah ya ba faɗin ƙafa." Mama ta ɗebo ruwa ta watsa masa a fuska. A hanyar dawowa wuyansa nake hawa, ƙamshin jiƙaƙƙen ulu ya cika min hanci, in yi barci kafin mu kai gida.

Mama mai hira da komai ce. Tumakinmu kowacce da sunanta, har da wata gurguwa da take kira Uwar Gayya. In ƙwayar masara ta faɗi ƙasa sai ta tsince ta, ta hure ƙurar, ta sumbace ta, ta ce, "Yi haƙuri uwarmu, ba da gangan ba ne." Tsofaffi da yawa suna yin haka, sai dai ita har gona take shiga da sassafe ta tambaye ta yadda ta kwana da sanyi. In iska ta taso sai ta fita ta lallashe ta, kada ta kwantar mana da kara. Ni kuma ina biye, riƙe da zaninta, ina maimaita duk abin da ta ce. Ban sake jin daɗin duniya kamar lokacin ba.

Daga baya kasuwar bargo ta mutu, Baba ya bi masu tafiya Amurka ta hamada. Ya kira 'yan lokuta, sai wayar ta yi shiru. Mama ta koma tsayuwa a bakin titi duk sanda motar haya za ta wuce, ko zai sauko. Wata damina zazzaɓi ya ɗauke ta. Ina da shekara goma, maganata ta ɗauke kusan shekara guda, tun daga nan Tiya Fermina ke kirana Bebiya. Ita ce ta cire ƙofar ɗakin Mama ta zuba aladunta a ciki. Kullum ni ke kai musu dusa, a daidai inda gadonmu yake.

To, sai Wilmer.

Wilmer ba ɗan tsaunukanmu ba ne. Mutumin Mazatenango ne, can ƙasan zafi, yarenmu ma gaisuwa kawai ya iya, ita ma a karkace. Ayaba da abarba yake kawowa kasuwar Lahadi a wata tsohuwar a-kori-kura ja, ni kuma ina kai tortiya. Ya daɗe yana saye a wurina kafin in yarda in kalli fuskarsa. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Mai tortiya, yau ma ƙasa ce ta fi ni kyau?" In ji kamar in shige cikin kwandona. Sai da na samu tsohuwar wayar da 'yar Tiya ta daina amfani da ita sannan bakina ya buɗe. A rubuce ina iya faɗin abin da harshena ya kasa, ko da yake a hankali nake haɗa haruffan. Bai taɓa ce min in yi sauri ba.

Rannan ya rubuto: "Asabar zan zo da Mamata. Na tambayi wani, ya ce kwandon burodi da cakulan ake kawowa. Haka ne?"

Na rubuta: "Haka ne."

Abin da ban faɗa masa ba shi ne, a wurinmu zuwan farko na neman aure ƙi ake yi. Dole ne. Gidan da ya ba da 'ya a zuwan farko, cewa za a yi sun gaji da ita. Babban gida zai kushe yarinyar, ya ce ba ta iya komai ba, a sallami baƙi. Amma kwandon ajiye shi ake yi a gaban hoton waliyyin da muke kunna wa kyandir a gida. In 'yan gida suka ci, baƙi su sake dawowa. In aka mayar musu da shi a ɗaure, magana ta mutu, babu mai tashe ta. Ni ban taɓa tunanin akwai inda ba a san wannan ba. Ko da na yi tunanin ma, da wane baki zan zaunar da namiji in koya masa yadda zai neme ni?

Ranar Asabar na share gida, na shimfiɗa ɗanyen ganyen pino, bishiyar tsaunukanmu, a ƙasa kamar yadda muke yi ranar baƙi, ɗakin ya ɗauki ƙamshi. Na kunna kyandir. Na sa jan wipil ɗina, wato rigarmu ta saƙa, mai zanen tsuntsaye a wuya, da baƙin zanin zuwa coci, na kitse gashina da koren ƙyalle. Tiya Fermina ta tsaya ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Bebiya, wannan kwalliyar fa? Aladu ne za su yi baƙi?"

Na ci gaba da ɗaura ɗamarata.

"Ja ɗamarar da kyau, kada ƙasusuwan ƙugun nan su tsorata mutane."

Bayan rana ta raba suka iso. Wilmer da farar riga, gashi ya sha mai, yana zufa a cikin wannan sanyin namu. Mahaifiyarsa Doña Odilia ƙatuwar mace ce mai fara'a, takalminta mai tsini sai nutsewa yake a laka, tana dariya tana zaro shi. Su biyu kawai, babu dattijon da zai yi magana a madadinsu. Tun daga ganin haka na san akwai matsala. Wilmer ya dire kwandon, an rufe shi da sabon farin ƙyalle, ƙamshin burodi mai zaƙi har madafa. Ni ina can bayan katako, inda akwai wata 'yar tsaga da nake leƙe.

Tat Anselmo ya yi gyaran murya, ya yi abin da ake yi.

"Kun sha hanya, Allah ya saka muku. Sai dai kun yi ɓatan kai. Babu budurwa a gidan nan, yarinya ce ƙarama, wuta ma ba ta iya hurawa ba. Tortiyarta kamar tafin takalmi. Ku je ku nemi wadda ta iya, kada ta ja mana abin kunya."

Jama'a, murmushi nake yi a bayan katakon. Haka aka faɗa a kan Mama, haka aka faɗa a kan Nan. Har daɗi na ji, ya yi min kamar 'yar cikinsa.

Sai na ji Wilmer ya ce, "Don Anselmo, ni fa tortiyarta nake ci duk Lahadi. Babu irinta a kasuwar nan."

Tat Anselmo ya yi sororo, domin ba a mayar da magana a nan. Godiya ake yi a tashi.

Doña Odilia ta gyara zama, fara'ar ta tafi. "Yarinya ƙarama? Mai shekara ashirin da huɗu? Bawan Allah, tun safe muke hawan duwatsun nan, har amai na yi a hanya. In ba za ku bayar ba, ku faɗa mana dalili na gaskiya, ba zancen takalmi ba."

Ta tsagar na ga fuskar Tiya Fermina. Na ga lokacin da ta gane ba su san komai ba. Mata ba sa sa baki a irin wannan zaman, amma ta jawo kujerarta kusa da baƙuwar.

"Tunda gaskiya kika nema, Doña, ke uwa ce, ni ma uwa ce."

"Fermina," in ji Tat Anselmo.

"Bar ni, Anselmo, zunubi ne a cuci baƙo." Ta sassauta murya, irin wadda take yi a coci. "Uwar yarinyar nan ba ta mutu da hankalinta ba. Da masara take hira. Ta shiga gona ta durƙusa tana tambayar kara ya ya kwana. Iska ma magana take mata. Tumaki ta raɗa musu suna kamar ita ta haife su. A ƙarshe a bakin titi take wuni tana leƙa motocin mutane. Mijin da ake cewa ya tafi nema, gudu ya yi."

Duk abin da nake ɓoyewa a ƙirjina in ɗauko in duba in na gaji, shi ta zazzage a gaban baƙi, ɗaya bayan ɗaya, ta tattake.

"Ita kuma 'yar, shekara guda ba ta ce uffan ba. Har yau in ta je ba aladu dusa, ki laɓe ki ji, da bango take hira, tana cewa Mama, Mama. A jini yake. Ni dai jikokinki nake tausaya wa."

Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Ban san tana laɓe min ba.

Doña Odilia ta yi alamar gicciye. "Wilmer, ka san da wannan?"

"Mama, ba haka ba ne, ita..."

"Na ce ka san da shi?"

Wilmer ya sunkuyar da kai. Tat Anselmo ya zuba wa hularsa ido kamar yau ya fara ganinta.

"Bebiya!" Tiya Fermina ta ƙwala min kira. "Fito ki gaida baƙi. In ƙarya na yi miki, ga ki ga su, ki faɗa."

Na fito. Na tsaya a kan ganyen da na shimfiɗa da hannuna, idon mutum huɗu a kaina. Maganar tana nan a cikina, a jere: mamata lafiyarta ƙalau, ƙi na farko al'ada ce, ku tafi ku dawo. Na buɗe baki. Babu abin da ya fito sai iska.

"Brigida," in ji Wilmer a hankali. "Yi magana mana. Ko kalma ɗaya."

Na sake buɗewa. Wannan karon ma iska ce kawai ta fito.

Tiya Fermina ta buɗe tafin hannuwanta. "Kun gani ko?"

Doña Odilia ta miƙe ta ɗauki jakarta. Ba ta harare ni ba, da ma ta yi. Kallon tausayi ta yi min, irin wanda ake yi wa karen da mota ta taka. Tiya Fermina ta raka su har bakin hanya, ina jin ta tana cewa, "Kwandon naku kuma kada ya lalace a banza. Gobe kasuwa ce, zan sauko da shi in kawo maka har mota, ɗana."

"Kin kyauta," in ji Doña Odilia, ba ta san abin da ta gode wa ba.

Da ta dawo ta ɗaure kwandon da igiya tamau, ta rataye shi a jikin azara. "Wanda ya taɓa min shi sai na karya masa hannu. Ke kuma cire kayan nan, aladu ba su ci ba."

Rana ta yi sanyi ina tsugune a bayan tarin itace saƙon Wilmer ya shigo.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Al'ada ce. Zuwan farko ƙi ake yi. Kowa haka ake masa."

"Zancen mamanki ma al'ada ce?"

Na daɗe a kan wannan. Na rubuta na goge. A ƙarshe na tura: "Mamata ba mahaukaciya ba ce. Son abubuwa take yi kawai."

"Mama tun da muka taho take kuka. Ta ce gara in tsufa ba aure."

"In kwandon bai dawo maka ba, ba a ƙi ka ba. Sai ka samo dattijo ku sake zuwa."

"In ya dawo fa?"

"Shi ke nan."

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sannan: "Ni na san ki, mai tortiya. In bai dawo ba zan zo, ko Mama ba ta so. Amma in matar nan ta dire min shi a gaban 'yan kasuwa, ba ni da sauran abin da zan ce wa Mama."

Mutum ɗaya ne zai iya hana kwandon nan sauka. Nan Sebastiana ce babbar gida, in ta ce a ci, ko Tat Anselmo bai isa ya ce a'a ba. Ita ce ta goya ni ranar da aka binne Mama. Ita ke shiga da ni ɗakin wankan tururi ta cuɗa min baya da ganye tana min waƙa, lokacin da kowa ya gaji da shiruna. Ranar da maganata ta dawo ma, sunanta na fara kira. Na ɗauki ruwan ɗumi da tsumma na shiga ɗakinta, na durƙusa a bakin gado.

"Nan, kin ji abin da Tiya ta yi?"

"Na ji. Kunnena bai shanye ba."

"Ki ce a bar kwandon. Ke ce babba."

Ta zuba wa rufi fararen idanunta. "Juya ni tukuna, ƙuguna ya yi zafi."

Na sa hannu na juya ta, na gyara mata bargo.

"Ni na ce wa Fermina ta faɗa," in ji ta. "Zancen titin ma ta manta, ni na tuna mata."

Tsumman ya faɗi a ruwa.

"In kin tafi ƙasan zafi wa zai juya ni? Fermina? Kin manta sanda kika kwanta zazzaɓi, yadda kika tashi kika tarar da bayana duk gyambo? Tsutsa za ta ci ni da raina, Brigida."

"Zan tafi da ke. Wilmer ya ce akwai ɗaki."

"In je sauro ya ƙarasa ni a cikin mutanen da ba sa jin yarena? A nan za a binne ni. Ki jira in mutu, 'yar nan. Ba zan daɗe ba."

"Tun ina sha bakwai kike faɗin haka."

"To laifina ne da Allah ya manta da ni?"

"Mama fa, Nan? Kin san lafiyarta ƙalau. Ke ma kina sumbatar masara."

"Candelaria ta mutu, ba ta jin zafi. Ni ina ji. Ɗauko min kununa."

Na ɗauko. Na ba ta cokali-cokali, ina goge mata haɓa. Na so in tsane ta, na kasa, domin ni na san yadda bayanta yake a ranar da take faɗa. Kuma na san in kwandon nan ya sauka kasuwa, a gidan nan zan tsufa, in Nan ta tafi Tiya Fermina ta kwanta, ita ma in juya ta.

Washegari na tashi hura wuta kamar kullum, ƙofar Tiya tana rufe. Na taka turmi na sa wuƙa na yanke igiyar kwandon. Na tafasa ruwa, na narka cakulan ɗin, na burga shi har ya yi kumfa. Na ɗauki burodin da ya fi girma, mai sukari a kai, na shiga ɗakin Nan, na tayar da ita zaune a jikina. Na gutsura na tsoma na kai bakinta.

Ta tauna, ta tsaya. "Yau wane biki ake yi?"

"Ci, Nan."

Ta ci kamar yarinya, tana lasar leɓe. "Rabona da cakulan irin wannan tun bikin uwarki. Ƙara min."

Na ƙara mata, na yi ta ƙara mata har burodin ya ƙare. Ni ma na ci loma ɗaya, ban ji ɗanɗanonta ba.

Sannan na ɗora kwandon a ka na fita bakin hanya, inda mata ke gangarawa kasuwa da kayansu. Duk wadda ta zo wucewa na miƙa mata ɗaya. Na farko muryata ta maƙale, matar har ta sunkuyo tana cewa me kika ce. Na biyu ta fito.

"Na neman aurena ne. Nan Sebastiana ce ta fara ci."

Suka yi ta karɓa suna guɗa, wata ta ja min kunci ta ce ashe Bebiya tana da baki. Kafin rana ta haske gonar masara kwandon ya koma fayau. Na kife shi a tsakar gida, na ɗauki hotonsa na tura wa Wilmer, ban rubuta komai a ƙasa ba.

Na koma ɗakin Nan. Tana nan yadda na bar ta, tana bin sauran sukari da harshe.

"Brigida, wannan guɗar fa? A ina ma kika samo burodi?"

"Na Wilmer ne, Nan. Kin cinye guda, duk unguwa ta ji."

Bakinta ya tsaya cak. A tsakar gida na ji Tiya Fermina tana zare sakatar ƙofarta. Ni kuwa na sa hannu ɗaya a kafaɗar Nan, ɗaya a ƙugunta, na juya ta ɗaya ɓarin, don lokacin juyi ya yi.